Tawadar da Ke Jiran Rana

Yau kwana biyar ke nan Maman Manaja ba ta ji ƙarar waya ba tare da gabanta ya faɗi ba. Da wayar ta motsa sai ta tsaya tana kallonta kamar an ajiye mata kunama a kan tabarma. Ta gwada kifa mata kwano, ta gwada tura ta ƙarƙashin matashin kai, har cikin buhun gawayi ta saka ta, duk a banza. Wayar da a da sai ta yi mako guda ba wanda ya kira sai ƙanwarta, yanzu ko cokali ba ta bari ya kai baki. Kuma ba wani ya jawo mata ba, ɗanta ne, wanda ta haifa, ta goya, ta kai makaranta da hannunta.

Sunan Manaja shi ya raɗa wa kansa. Shekararsa ashirin da bakwai. Ya je ya yi kwas ɗin kasuwanci na wata uku, ya dawo da takarda mai ruwan zinariya a gefe, da jakar hannu wadda ba wanda ya san abin da ke cikinta sai uwarsa, ita kuwa ta san biro ne guda biyu da matacciyar caja. Tun daga ranar ya ce kada a sake kiransa da sunan da ubansa ya sa masa. Unguwa ta karɓi sabon sunan da dariya, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce.

A ƙofar gidansu akwai ɗaki guda mai kallon titi, inda marigayi mijinta ya yi gyaran rediyo shekara goma sha takwas. Tun rasuwarsa makullin yana hannun yayansa, wanda 'ya'yan gidan ke kira Baffa. Mai askin da ke aiki a gindin bishiya a tsallaken titi ya daɗe yana zawarcin ɗakin. Duk ranar da Baffa ya zauna a kujerarsa, sai ya riƙa jan askin a hankali yana ba shi labarin yadda ruwan sama ke sa masa tsatsa a almakashi. Ita kuwa Maman Manaja ba ta son ɗakin ya fita daga gidan. Har yanzu ƙusoshin da mijinta ya kafa suna nan a bango, ga kuma inda ƙafar kujerarsa ta cinye siminti.

Shi ya sa ranar da Manaja ya ce zai buɗe kamfanin wanki da guga a ɗakin, ita ce ta ja shi suka je ta durƙusa wa Baffa.

Baffa ya dubi ɗan ƙanen nasa daga sama har ƙasa. "Kai ne za ka yi wanki?"

"Ba wanki zan yi ba, Baffa. Kamfani zan buɗe."

"Wa zai yi wankin?"

"Wannan na sashen ayyuka ne. Ni ina sashen dabaru."

"To sashen dabaru, buɗe kunnenka. Kwana goma na ba ka. Rana ta goma zan zo da ƙafata bayan azahar. In na tarar da mutum goma a tsaye a ƙofar nan suna jiranka, ɗaki naka ne. In ban tarar ba, mai aski ya kawo madubinsa."

"Goma, Baffa? Ai ka raina ni. Ka ce hamsin mana."

Uwar ta take masa ƙafa. "Goman dai, Yaya. Mun gode, Allah ya ƙara girma."

Sashen ayyuka, kamar yadda ta gano washegari, ita ce. Bahonta aka fitar, da bokitanta biyu, da igiyar shanyarta, da dutsen gugarta na gawayi. Manaja ya ɗauki teburin da take yanka albasa a kai ya kafa a tsakiyar ɗakin, ya ɗora jakarsa, ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Mama, zauna in yi miki bayani. Manyan kamfanoni suna ƙona dukiya a kan talla saboda ba su da kai. Ni kyauta zan yi tawa. Duk abin da ke motsi a unguwar nan allon talla ne, mutane ne dai ba su da ido."

"In sun ga tallar, ina za su same ka? Wayarka ba ta faɗa a bokiti ba?"

"Taki za mu sa. Daga yau ta zama layin kamfani."

Da uwar ta san abin da ke tafe, da a nan za ta tsaya ta yi rigimar.

Allon talla na farko farar akuyar tsohuwar da ke bayan gidansu ce. Manaja ya ce ya yi nazarinta, tana zaga unguwa sau shida a wuni, tana shiga kasuwa, tana tsayawa a tasha, kuma ba ta neman albashi. Ya samo kwali biyu ya rubuta sunan kamfani da lambar uwarsa, ya rataya mata ɗaya a dama ɗaya a hagu. Akuya ta yi taku uku, ta waiwaya ta cinye na dama. Na hagu kuma 'yan'uwanta ne suka taru a bakin famfo suka taimaka mata. Ta isa kasuwa da igiya kawai, igiyar ta maƙale a ƙafar teburin mai tumatir, tumatir ya bi titi.

Da yamma tsohuwar ta dogara sandarta ta zo. "Maman Manaja, me ɗanki ya koya wa akuyata? Na ba ta dusa ta ƙi. Kwali take nema. Ta cinye kalandata har watan gobe."

Manaja ya leƙo daga ɗaki. "Kaka, kin ga ƙarfin talla ke nan. Ko dabba ta kasa haƙuri."

Daga tsallaken titi mai aski ya ɗaga murya. "Manaja, in ka sami sarari ka auna mini faɗin tagar nan. Labule nake so in ɗinka."

A rana ta uku ya koma saƙon murya. Ya ce talla ce ta zamani, ko tawada ba ta ci. Ya tsaya a tsakar gida ya gyara murya, ya naɗi jawabi mai daɗi a kan tsafta da amana da ƙwarewar ma'aikatansu, ya tura wa duk wanda ke cikin wayar uwarsa, mutum ɗari da wani abu, har da likitan ƙafarta da surukan yayarsa. Bai tsaya ya saurara ba kafin ya tura. Ashe a daidai inda yake cewa ƙwararru ne, muryar uwar ta shigo daga kicin tar kamar a rediyo: "Kai da ko wandonka ba ka iya wankewa, zo ka ɗauke safarka daga kan tulu kafin ta kashe mu."

Kafin la'asar saƙon ya zaga unguwa. Wani direban tasi ya sa shi a motarsa yana kunna wa fasinja. Nas ɗin da ke haya kusa da su ta tare Maman Manaja a bakin famfo tana share hawayen dariya. "Mama, safar ta sauka daga kan tulun kuwa?"

Manaja ko a jikinsa. "An san mu ko ba a san mu ba? Kafin yau wa ke zancenmu?"

"Zancen safarka ake."

"Haka ake farawa."

Rana ta huɗu ya bi bangon unguwa da alli yana rubutu, ruwa ya sauko ya wanke. Rana ta biyar ya sake bi, masu bango suka wanke. Rana ta shida ta wuce ko hankici ba wanda ya kawo. Mai aski ya aiko a tambaya ko fitilar ɗakin tana aiki ko ya zo da tasa. Maman Manaja ta zauna a bakin baho busasshe tana kallon ƙusoshin mijinta, abinci ya ƙi shiga.

A rana ta bakwai Manaja ya fito da abin da ya kira babban makami. Ranar Asabar, wadda ita ce rana ta goma, makarantar firamare ta unguwa za ta yi bikin raba kyaututtuka a fili, kuma kowa da fararen kaya yake zuwa. Ya bi gida gida yana sanarwa cewa duk mai farin tufa ya kawo, kamfani zai wanke ya goge kyauta.

Kalmar kyauta ta yi abin da akuya ta kasa. Hedimasta ya aiko da farar rigarsa ta taro da farin ƙyallen babban tebur. Nas ta kawo rigar aikinta. Malamai suka kawo, iyaye suka kawo, mai kantin magani ya kawo. Baffa ya aiko da tasa doguwar rigar, don shi ne shugaban iyayen yara, a gaba zai zauna. Har mai aski ya tsallako da farar taguwarsa a hannu.

"Kai ma?" in ji Manaja.

"Kyauta aka ce. Kuma gara in saba da shiga ɗakin."

Kwana biyu Maman Manaja tana sunkuye. Ta jiƙa, ta cuɗa, ta ɗauraye sau uku, ta sa bula daidai gwargwado, ta sa sitaci, ta shanya, ta hura gawayi ta bi kowace riga da dutsen guga har wuyanta da bakin hannunta. Yatsunta suka tsage, bayanta ya ƙage. Manaja yana zagayawa da biro a kunne yana cewa aiki yana kyau, a ci gaba. Amma kaya sun yi fari, farin da ita kanta sai da ta tsaya ta kalla.

Ranar Juma'a da la'asar ya shigo da ƙunshi biyu. Na farko hatimi ne mai faɗin tafin hannu, wanda wani ya sassaƙa masa da robar tsohuwar taya. Na biyu kwalba ce baƙa marar takarda, ruwan cikinta kamar ruwan famfo.

"Mene ne wannan kuma?"

"Tawadar masu wanki ce, Mama. Abokina mai fenti ya tsinto a tsofaffin kayansa ya ba ni kyauta. Ya tsaya yana wani dogon bayani, na ce ya bari, mun yi wannan a kwas."

"Kana nufin kayan mutane za ka buga wa?"

"Daga ciki, can ƙasa, inda mai riga kaɗai zai gani in ya zo cirewa. Ya gani, ya tuna da mu. Talla ce mai kwana a gidan mutum."

Ta ce a'a sau uku. A na huɗu ya tuna mata gobe ne Baffa zai zo, ta ƙyale shi.

Ya rufe taga don kada mai aski ya saci dabara. Ya tsiyaya tawada a kan tsumma, ya danna hatimi, ya buga a cikin gefen rigar hedimasta. Ya ɗaga. Danshi kawai, shi ma nan take ya bushe. Ya sake bugawa da ƙarfi. Babu komai.

"Wataƙila cikin ne ba ya kamawa." Ya juya rigar ya buga a baya. Babu. Ya buga a kafaɗa, ya buga a tsakiyar baya. Babu.

"Yadin ne marar kyau." Ya jawo ta nas. Ya jawo ta mai kantin magani. Ya bi ƙyallen tebur daga wannan baki zuwa wancan kamar mai shuka. Da ya zo kan ta Baffa, haushi ya riga ya kama shi, ya dinga dukanta da hatimi kamar ita ta yi masa laifi. Haka ya bi kayan kaf, kowanne sau biyar, sau shida, yana neman wanda zai kama.

"Mai fenti ya cuce ni. Ruwa ya ba ni."

Zuciyar uwar ta yi sanyi. "To alhamdulillahi. Bar shi haka."

"Dubi fa, Mama." Ya danna hatimin a tsumma ya manna a tsakiyar goshinsa, ya riƙe, ya cire. "Kin ga wani abu?"

"Ban ga komai ba."

"Ruwa ne zalla."

Suka ninke kayan suka zuba kowanne a baƙar leda. Da sassafe masu kaya suka karɓa, kowa ya buɗe ya ga fari ƙal ya sa albarka. Nas ma cewa ta yi ashe abin na gaske ne.

Asabar ta waye da hadari. Aka jera kujeru a filin makaranta, manya a gaba a babban tebur, yara a zaune a ƙasa aji aji, iyaye a baya. Maman Manaja ta samu benci na ƙarshe, jakarta a cinya. Manaja yana can gefe yana nuna wa mutane fararen riguna da baki yana cewa, "Namu ne. Wancan ma namu ne."

Hedimasta ya tashi jawabi. Mutum ne mai son jawabi. Yana cikin tarihin kafa makarantar, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, hadari ya yaye, rana ta fito da ƙarfinta.

Matar da ke gaban Maman Manaja farin mayafi ne a jikinta, ɗaya daga cikin waɗanda aka kai wanki. Maman Manaja ta ga wani abu kamar an ɗiga shayi a bayansa. Ta murza ido. Shayin ya yi duhu, ya yi kusurwa huɗu, ya fara fitar da baƙaƙe. Ta dubi dama, ta ga bayan mai kantin magani yana yin haka. Ta dubi hagu. Ta dubi gaba. Duk inda rana ta taɓa farin yadi, rubutu yana tsirowa.

Ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Hedimasta bai san me ake ciki ba. Ya kai inda yake yabon 'yan aji biyu, ya ce a bana ba yaron da bai iya karatu ba a cikinsu, duk abin da aka rubuta a gabansu sai sun karanta. Sannan ya juya baya don ya ɗauko kyautarsu daga kan tebur.

'Yan aji biyu suka ga rubutu a gabansu. Suka yi abin da aka koya musu. Murya ɗaya, a hankali, gaɓa gaɓa:

"Ka ga fa-ri? Ai-kin Ma-na-ja ne. Ki-ra."

Sannan suka rera lambar wayar Maman Manaja tun daga sifili har ƙarshe, kamar suna haddar lissafi. Da yake hatimin ya fito sau shida a bayan hedimasta, sau shida suka karanta. Malamarsu har ta fara tafi kafin ta dubi ƙirjinta.

Fili ya rikice. Kowa yana nuna bayan wani yana dariya, sai a taɓa shi a ce ya dubi nasa. Nas tana juyawa kamar mai neman wutsiya. Ƙyallen babban tebur ya koma kamar shafin jarida. Baffa ya miƙe don ya tsawatar, aka ga tasa ta fi ta kowa, tun daga wuya har ƙasa ba masaka tsinke, wani a miƙe wani a karkace wani ƙafa a sama. Mai aski ya fi kowa ƙyaƙyatawa, sai da direban tasi ya ce masa, "Kai da ke neman ɗakin, ga ka kana yi musu talla a ciki da baya."

Wani daga cikin taron ya ce bari ya kira lambar ya ji ko ta wace ce. Waya ta ɗauki ƙara a cikin jakar Maman Manaja. Ta danne jakar da hannu biyu. Wani ma ya kira. Kawuna suka juyo benci na ƙarshe ɗaya bayan ɗaya.

Nan ne Manaja ya hau kan benci ya ɗaga hannu.

"Jama'a, a saurara. A matsayina na shugaban kamfani, ina sanar da ku wannan aikin maƙiya ne. Akwai masu baƙin ciki da ci gabanmu, kuma mun san su." Ya harari mai aski. "Ni ban taɓa ganin wannan hatimi ba. Ban san shi ba, bai san ni ba."

Rana tana dukan fuskarsa sosai a kan bencin nan. Taron ya yi tsit. Ya ɗauka jawabinsa ne ya kama su, ya ƙara gyara tsayuwa.

"Duk wanda ya kawo shaida guda ɗaya cewa hannuna ya taɓa abin nan, na yarda a kore ni daga unguwa."

Mai aski ya ce a hankali, "Manaja, hannunka ba mu sani ba. Amma goshinka yana da magana."

'Yan aji biyu suka juyo. Suka ja numfashi. Suka karanta.

Bikin bai ƙarasa ba. Manaja ya riga kowa isa gida, ya shige ɗakin ya sa sakata. Jama'a suka biyo da rigunansu a jiki, kowa yana son ya fara magana. Nas, da yake ta saba da asibiti, ta ce ba za a yi hayaniya a ƙofar dattijuwa ba, a yi layi, kowa ya faɗi tasa. Aka yi layi. Ya miƙe daga ƙofar ɗakin ya wuce famfo ya kai kwana. Maman Manaja tana tsaye tana ba da haƙuri har muryarta ta dushe.

Mai fenti ya iso a kan kekensa, labari ya kai masa. Ya ƙwanƙwasa taga. "Ban ce maka sai ta ga rana take fitowa ba? Ka ce in yi shiru kun yi a kwas."

Hedimasta ya tambayi mai fentin, "Tana fita?"

"Daga fata, mako uku. Daga yadi kuwa, ranka ya daɗe, sai dai yadin ya fita daga ita."

Bayan azahar sai ga Baffa, bai ko canza riga ba. Manaja ya buɗe taga kaɗan, ya leƙo da goshinsa, ya bi layin da biro yana ƙirgawa.

"Talatin da huɗu, Baffa. Goma ka ce. Kuma duk ni suke jira, ka tambaye su."

"Shi muke jira," in ji layin.

Baffa ya dubi layin, ya dubi goshin, ya dubi hannun rigarsa inda aka rubuta masa ya kira. Sannan ya juya ga hedimasta. "Malam, tsakaninka da Allah, ban da rubutun, yaya wankin?"

Hedimasta ya ja wuyan rigarsa ya duba. "Gaskiya shekara tara ina sa rigar nan, ba ta taɓa yin fari haka ba. Shi ya sa ma rubutun ya fito sosai."

"Wa ya wanke?"

Kowa ya dubi yatsun Maman Manaja. Ta ɓoye su a cikin mayafi.

Baffa ya ciro makulli daga aljihu. "Na yi magana, ba na janyewa, ɗaki ba zai bar gidan nan yau ba. Amma ba zan ba mai rubutu a goshi ba. Ke zan ba, in kina so. Sharaɗi ɗaya: wannan ba ya taka ƙofar ɗakin, ba ya taɓa kayan mutane, ba ya taɓa wayarki, ba ya yi miki dabara ko ta kyauta ce. In kin ga ba za ki iya raba shi da wurin ba, ki gaya mini, mai aski ya shigo. Mako guda na ba ki." Ya mayar da makullin aljihu ya tafi, bayansa yana talla har ya sha kwana.

Yau kwana biyar ke nan, saura biyu. Ta sayo baƙin rini tana bin rigunan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, yanzu rabin unguwa baƙaƙen kaya suke sawa kamar an yi musu rasuwa, nas kuma sai gaisuwa daga nesa. Hoton bayan hedimasta ya zaga wayoyin gari, da lambarta a kai sau shida. In waya ta yi ƙara ba ta san wanda za ta ji ba. Wani zagi ne. Wani yaro ne ke rera mata lambarta ya kashe. Amma wani kuma cewa yake, ke ce mai farin wankin nan? Wani mai masauki ya kira sau uku yana son a riƙa wanke masa zannuwan gado. Wata mai ɗakin shan magani ta ce labulenta take so a gyara, amma don Allah ban da rubutu. Duk ta ce musu za ta kira su, ba ta kira kowa ba.

Manaja yana gida da hula har gira. Ya ce a tarihin unguwar nan ba a taɓa talla mai nasara irin tasa ba, kuma ko sisi bai kashe ba. Ya ce in ta karɓi makulli ta bar shi a waje, ta tozarta shi a gaban mai aski, zai ɗauki jakarsa ya bar garin, su neme shi a jarida. Ta san jakar, ta san abin da ke ciki, ta san ba zai kai tasha ba yunwa za ta dawo da shi. Amma ɗa ne. Shekaranjiya ta gan shi a bayan gida shi kaɗai yana dirzar goshinsa da soso har ya yi ja, ta koma ciki kamar ba ta gani ba.

Sauran tawadar, rabin kwalba, ta ɓoye a bayan buhun gawayi. Yau da safe ta duba ba ta nan. Ta tambaye shi, ya ce sashen ayyuka ba ya tambayar sashen dabaru. Ɗazu kuma farar akuyar tsohuwa ta wuce ta ƙofar gida, gashin gefenta a jiƙe, kusurwa huɗu. Akwai hadari tukuna, amma ya fara yayewa ta gabas.

To ku da kuka karanta, ku iyaye ne, wasunku kun haifi irin nasa. Ta karɓi makullin ta rufe wa ɗanta ƙofar ɗakin ubansa, ko ta bar mai aski ya rataya madubinsa a kan ƙusoshin mijinta? Me za ta ce wa Baffa jibi? Ku ba ta shawara. Ba sai ta ba ku lamba ba, kun riga kun gan ta.